Wata biyu ina yoyon fitsari, kuma mijina bai sani ba

Assalamu alaikum Anti. Shekarata ashirin da ɗaya, aurena bai cika shekara biyu ba. Da cikina ya shiga wata takwas aka mayar da ni gidanmu goyon ciki, saboda haihuwar fari ce. Naƙuda ta kama ni da daddare, kunya ta hana ni faɗa sai da gari ya waye. Inna ta kira ungozoma. Kwana biyu ina durƙushe, da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai ungozoma ta ce gishiri ne ya tare hanya, ta yanka min da reza. A rana ta uku aka samo mota aka kai ni asibiti, aka yi min aiki aka ciro ɗa namiji ba rai. Bayan an cire min robar fitsari an sallame ni, kwana biyu da komawa gida na farka na ga katifa sharkaf. Yau wata biyu da 'yan kwanaki ke nan abin bai tsaya ba, dare da rana. Wani lokaci nakan ji fitsari ya matse ni in je in yi kaɗan, amma zubar tana nan. Ƙafata ta hagu ma jan ta nake yi. Na rage shan ruwa, cinyoyina duk sun saɓule, kuma ban yi salla ba tun da na haihu don kullum cikin najasa nake.

Mijina direba ne, yakan zo duba ni in ya dawo daga tafiya. Inna ta ce kada a kuskura a faɗa masa, ana ce masa ɗinki ne bai warke ba. In zai zo sai a cika ɗaki da turaren wuta, in zauna a kan leda, ba na tashi har ya tafi. Mahaifiyarsa ta aiko sau biyu tana tambayar ranar da zan koma, tunda an yi arba'in tuni. Jiƙe-jiƙen da ake ba ni ba su yi komai ba. Akwai wani mai asibitin kuɗi a garinmu da ya ce zai ɗinke in an kawo kuɗi, ina tunanin in sayar da keken ɗinkina da 'yan kunnena na gwal a yi aikin a asirce, in koma ɗakina ba wanda ya ji. Anti, in yi haka? Ana warkewa kuwa? In na faɗa masa ya sake ni fa?

Wa alaikumus salam 'yata. Kafin komai ina yi miki ta'aziyyar ɗanki. Layi ɗaya kika ba shi a wasiƙarki kika wuce zuwa zancen katifa da leda, kuma na gane dalili: lalurar da ta biyo baya ba ta bar miki sararin kuka ba. Wata tara kika ɗauke shi, kwana uku kika yi tsakanin rai da mutuwa a kansa. Allah ya sa mai ceto ne, ya ba ki ladan haƙuri, ya mayar miki da masu albarka. Duk ranar da kukan ya zo miki, ki yi shi, kada wani ya hana ki.

Bari in fara da tambayarki ta biyu, don ita ce ta fi hana ki barci. Ana warkewa. Yoyon fitsari rauni ne da yake da wuri takamaimai a jiki, ana iya ganinsa da ido, ana iya ɗinke shi. Mafitsara tana zaune ne a gaban hanyar haihuwa, wani siririn bango na nama ya raba su. In naƙuda ta yi tsawo, kan jariri ya sauko ya cije a ƙugu, sai ya matse wannan bango a jikin ƙashi. Naman da aka danne na tsawon sa'o'i jini ba ya kai masa, sai ya mutu. Ba nan take yake saki ba, yakan ɗauki kwana uku zuwa goma kafin ya ɓare ya bar ƙofa, shi ya sa mata da yawa sai sun koma gida suke ganin jiƙa, kamar yadda ya faru da ke. Wannan matsin ne dai yake danne jijiyoyin da suka sauka ƙafa, har mace ta riƙa jan ta. Yawanci ƙafar takan farfaɗo a hankali cikin watanni, musamman in ana motsa ta ana yi mata gashi a asibiti. Babu hannun aljani a nan, babu sammu, kuma ba sakayyar wani laifi da kika yi ba ce. Matan Turai da Amurka ma sun sha wannan wahala. A 1855 an buɗe asibitin mata a birnin New York musamman saboda masu yoyon fitsari. Abin da ya kore shi daga can shi ne samun tiyatar haihuwa a kan lokaci.

Yanzu zancen keken ɗinki da 'yan kunne. Kada ki sayar, 'yata, kuma kada ki kwanta a gaban kowa don kawai ya ce zai iya. Ban san mai asibitin nan ba, wataƙila da kyakkyawar niyya ya yi miki tayin. Amma akwai abin da duk masu wannan aiki suka yarda da shi: ɗinkin farko shi ne babbar damarki. In aka ɗinke ya warware, wurin yakan yi tabo, naman ya taurare ya ƙanƙance, sai aiki na biyu ya fi na farko wuya, na uku ya fi na biyu. Likita zai iya zama gwani a tiyatar haihuwa ko ta ƙaba, amma hannunsa bai saba da gyaran mafitsara ba, don wannan fanni ne da ake zama a koya daban. Abin da ya fi damuna shi ne, a yadda kika ba da labari, an yi miki alkawarin ɗinki tun kafin a gano inda ƙofar take.

Kuma a wurinki gano wurin shi ne rabin aikin, domin abubuwa uku ne suka same ki a jere, kowannensu yana iya kawo yoyo, kuma kowanne da inda yake yin ɓarna. Doguwar naƙuda takan huda tsakiyar bangon mafitsara ko wuyanta. Yankan gishiri yakan tsaga ta ƙasa-ƙasa, wajen ɗan bututun da fitsari yake fita waje, inda maƙullin riƙe fitsari yake. Ita kuwa tiyata, in an yi ta cikin gaggawa bayan mace ta kwana biyu tana naƙuda nama duk ya kumbura ya yi laushi, tana iya taɓa saman mafitsara, ko ɗaya daga cikin siraran bututu biyu da suke sauko da fitsari daga ƙoda. Na lura da maganarki cewa kina jin fitsari ki je ki yi, amma zuba ba ta tsayawa. Ki tabbata kin faɗa wa likita wannan da bakinki. Yana iya nufin ƙofar ƙarama ce, mafitsara tana tara wani abu. Yana kuma iya nufin mafitsarar lafiyarta lau, bututun ƙoda ɗaya ne yake zuba a gabanki, ɗayan yana cika mafitsara yadda ya saba. Gyaran waɗannan biyun ba iri ɗaya ba ne, ta hanyoyi daban ma ake shiga.

Binciken bai kai abin tsoron da kike zato ba. Za a tambaye ki tarihin haihuwar, a nan kada ki ɓoye zancen reza don kare ungozoma ko Inna, ba kotu aka je ba. Za a kwantar da ke a duba da haske. Sannan a sa robar fitsari a zuba wani ruwa mai launin shuɗi a mafitsara, a ga ta inda zai ɓullo. In ƙofar ta yi ƙanƙanta har ido bai kama ta ba, akan sa auduga guda uku a jere a cikin gaba, a ce ki ɗan zaga ki dawo. Audugar da ta rine ita ke nuna tsayin inda ƙofar take. In kuwa auduga ta jiƙe amma ba ta yi shuɗi ba, alama ce cewa fitsarin bai biyo ta mafitsara ba, daga bututun ƙoda yake, sai a tura ki hoton ƙoda a tabbatar da wane ɓangare ne. Za a kuma duba ko akwai tsakuwa a mafitsara, ko hanyar bayan gida ta taɓu, a auna jininki, a duba ƙafar. In kina ganin iska ko bayan gida na fita ta gaba, ki faɗa, shi ma ana gyara shi. Akwai ma'aikatan jinya mata a wurin, kuma kina da ikon cewa a bar wata a tsaye kusa da ke.

Na cire sunan garinku daga wasiƙar, amma daga inda kike wurare biyu ne suka fi kusa. Akwai Babbar Ruga a Katsina, cibiyar gwamnatin tarayya ta masu yoyon fitsari. Asalinta asibitin kutare ne; wani likita ɗan ƙasar Holan, Dakta Kees Waaldijk, ya zo aiki wurin a 1983, ya ga yawan matan da ke fama da wannan lalura, ya duƙufa a kanta, ya yi wa dubban mata aiki ya kuma horar da likitoci da ma'aikatan jinya masu yawa. Akwai kuma cibiyar Laure a cikin Asibitin Murtala da ke Kano. Ga sauran 'yan'uwa da za su karanta wannan amsa, ana yin aikin a Ningi ta jihar Bauchi, da babban asibitin Jahun a Jigawa inda ƙungiyar likitoci ta MSF take aiki tun 2008, da asibitin Maryam Abacha a Sakkwato, da na Gambo Sawaba a Zariya, da cibiyar Evangel a Jos, a Nijar kuma akwai Danja kusa da Maraɗi. An kafa irin waɗannan cibiyoyi ne don matan da ba su da hali, a Babbar Ruga da Jahun ba a karɓar kuɗin aikin. Abin da za ki tanada shi ne kuɗin mota, da guzuri, da 'yan ƙananan buƙatu, da mace ɗaya da za ta zauna da ke. Wannan bai kai a sayar da keke ba. Keken nan ki riƙe shi, zai yi miki rana lokacin da kike murmurewa.

Kada ki ce sai kin ƙara ƙarfi kafin ki tafi. A makonnin farko bayan haihuwa, in ƙofa ƙarama ce, barin robar fitsari a jiki na mako huɗu zuwa shida da shan ruwa sosai kan sa wasu su rufe da kansu ba tare da wuƙa ba. Ke kin ɗan gota wannan lokaci, amma likita ne zai duba ya ce ko da sauran amfani a gwada. Da can akan ce sai an jira wata uku kafin a yi aiki, har yanzu wasu likitocin suna bin haka, wasu kuma suna yi da zarar wurin ya yi tsabta naman ya yi kyau. Ko da za a ce ki jira, gara a ce suna da sunanki sun ba ki rana. In kuma bututun ƙoda ne, jinkiri yana iya cutar da ƙodar kanta. Don haka in kika ji zazzaɓi, ko ciwo a kwiɓi ta baya, ko fitsari ya ragu ƙwarai, a ranar za a kai ki asibiti mafi kusa.

Shi aikin, yawanci ba a buɗe ciki. Allura ake yi a baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu, kina farke amma ba kya jin zafi. Ta gaba likita yake shiga, ya raba bangon mafitsara da na farji, ya saki naman yadda bakin ƙofar zai haɗu ba tare da an ja shi da ƙarfi ba, ya ɗinke kowanne daban, sannan ya sake zuba ruwan shuɗin nan ya tabbatar ba ya fita. In bututun ƙoda ne ya taɓu, wani lokaci siririyar roba ake zurawa a cikinsa ya warke a kanta, in ba haka ba a buɗe ciki a sake dasa shi a jikin mafitsara. Bayan aiki robar fitsari za ta zauna don mafitsara ta huta ɗinki ya kama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2018 cewa ga ƙofa mai sauƙi kwana bakwai zuwa goma sun isa. Mai wuya takan kai mako biyu ko fiye. A kwanakin nan aikinki biyu ne: shan ruwa, da sa ido kada robar ta toshe ko ta lanƙwashe. In kika ga fitsari ya daina sauka, ki kira ma'aikaciya ko da tsakar dare ne, don mafitsara in ta cika tana iya ɓalle ɗinkin.

Ba zan yi miki alkawarin da ba ni da ikon cikawa ba. A hannun ƙwararru, kusan takwas zuwa tara cikin goma na masu ƙofa mai sauƙi suna rufewa a aikin farko. Akwai waɗanda sai an sake. Akwai kuma waɗanda ƙofar ta rufe amma in sun yi tari ko sun ɗaga abu mai nauyi fitsari ya ɗan kuɓuce, musamman in raunin ya taɓa wuyan mafitsara ko bututun fita, wato wajen da reza take yi wa ɓarna. Su ma ba a sallamar su haka nan, akwai atisayen matse ƙugu da ake koyarwa, akwai ƙarin aiki. Ina faɗa miki ne don in hakan ta faru kada ki ce an yaudare ki ki yanke ƙauna. Ke kuwa ga ƙuruciya, ga ciwon bai daɗe ba, kuma ba wanda ya taɓa gwada ɗinki a wurin. Duk waɗannan suna gefenki.

To, zancen maigidanki. Ko da an yi aikin a asirce, asirin ba zai riƙu ba, kuma ga dalili. Bayan aiki dole a ƙaurace wa kwanciyar aure na wata uku zuwa shida, gwargwadon abin da likita ya ce, don kusanta da wuri tana warware ɗinki. Dole a ba da tazara kafin wani ciki, shekara guda ko fiye. In cikin ya zo, awo tun da wuri, haihuwa kuma ta tiyata ce a ranar da aka tsara, ba a jiran naƙuda. Wanne daga cikin waɗannan za ki iya yi ba da saninsa ba? Mijin da bai san komai ba zai iya rusa aikin a dare ɗaya ba tare da ya yi nufin cutar da ke ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ki kuma dube shi da adalci. Shi ma ɗa ya rasa. Yana dawowa daga doguwar tafiya ya zo ya same ki a zaune, ba kya tashi tarbarsa, ba kya raka shi ƙofa, ana ba shi amsa guntu-guntu. Me kike jin yake saƙawa a ransa? Wataƙila yana zaton kin ɗora masa laifi, ko kin daina son komawa. Tsoronki ba na banza ba ne, an saki mata da yawa a kan wannan lalura, ba zan ɓoye miki ba. Amma akwai mazan da suka ɗauki matansu da kansu suka kai asibiti suka yi ta zarya har aka sallame su. Mutumin da bai fasa zuwa ba wata biyu, ya cancanci a ba shi damar nuna ko wane iri ne shi. Kuma jin labarin daga bakinki ya fi masa sauƙin ɗauka a kan ya tsince shi a tasha ko a bakin wata maƙwabciya, domin a lokacin ɓoyewar ce za ta fi yi masa ciwo.

Shawarata ita ce ki faɗa masa a zuwansa na gaba, ku biyu, kuma ki haɗa ciwon da maganinsa a zance ɗaya. Ki ce masa wahalar haihuwar ta ji wa mafitsararki rauni, fitsari na zuba, akwai asibitin da ake gyarawa a Katsina ko Kano, kina so shi ya kai ki. Direba ne, kin ba shi abin da zai iya yi da hannunsa, kuma namiji yakan fi samun natsuwa in aka nuna masa inda zai sa hannu. Ki nemi afuwarsa a kan jinkirin faɗa, ki ce kunya da tsoro ne. In bakinki ba zai iya ba, ki nemi wanda yake jin nauyinsa, mahaifinki ko yayanki ko wata gwaggo mai hankali, su faɗa kina wurin. Ranar zuwa asibiti ki roƙi likita ko ma'aikaciyar jinya su yi masa bayani da kansu, musamman zancen ƙauracewa da haihuwa ta gaba. Abin da ya ji daga bakin likita zai fi zama masa, kuma shi zai isar wa mahaifiyarsa.

Amma kafin shi, ki zauna da Inna. Kada ki tsallake ta, kuma kada ki je mata da faɗa. Ina jin abin da ke cin ta ya wuce kunyar surukai. A ɗakinta aka yi naƙudar, ita ta kira ungozoma, a gabanta aka sa reza. Tana tsoron a ce ita ta kashe jikanta ta nakasa 'yarta, kuma ina kyautata zaton tana faɗa wa kanta haka in ta kwanta. Abin da ta gada ta yi, yadda aka yi mata ta yi miki, mota ma sai da aka nemo. Wannan bai mayar da yankan gishiri daidai ba. Babu wani gishiri da ke tare hanyar haihuwa, reza ba ta buɗe ƙashin ƙugu, ɓarna kawai take ƙarawa, kuma ina fata daga kanki an daina shi a gidanku. Ke ma ki sauke wa kanki laifin daren da kika yi shiru. Tun kina yarinya ake koya miki cewa 'yar kirki ba ta raki a haihuwar fari, kin yi abin da aka koya miki ne. Ki ce wa Inna ba ki riƙe ta da komai ba, kina so ita ce za ta yi jinyarki a asibiti. In ta ji an ba ta matsayi a cikin gyaran, riƙon da ta yi wa asirin zai sassauta. In ta dage, ki sa mahaifinki ko wata 'yar'uwarta da take jin maganarta. Jikinki ne, kuma ke baliga ce, zuwa asibiti ba zai jira sai kowa ya gamsu ba.

Ita kuwa surukarki, tambayar da take yi tambaya ce ta al'ada, an yi arba'in ba ta ga matar ɗanta ba. Kada ki ɗauke ta abokiyar gaba tun ba ta ce komai ba. Ɗanta ne zai gaya mata, a taƙaice: rauni ne na haihuwa, za a yi aiki, likita ya ce ki zauna a gida ki warke. Zaman gidanku na watannin bayan aiki ma ya fi miki, ba daka, ba ɗaukar ruwa, ba abin da zai kai ga karya dokar likita.

In kuma abin da kike tsoro ya faru, ya juya baya, zai yi ciwo ƙwarai, amma ranar asibitinki ba za ta canja ba. Yayanki ko mahaifinki ya kai ki. Muddin kina matarsa, har cikin idda, ciyarwarki tana wuyansa, kuma manyanku su tuna masa. A cibiyoyin nan za ki tarar da mata da yawa da suka biyo ta wannan hanya, za ki ga waɗanda suka zo a jiƙe suna shirin komawa a bushe, wasu wuraren ma ana koyar da sana'a. Ke da kike da ɗinki a hannu kin riga wasu nisa. Game da haihuwa, mata da yawa sun yi ciki bayan gyara sun haihu ta tiyata lafiya. In al'adarki ta yi jinkirin dawowa kada ki firgita, hakan na faruwa bayan irin wannan wahala, ki dai faɗa wa likita.

Akwai abubuwan da nake so ki canja tun daren yau. Ki koma shan ruwa, ki sha da yawa. Na san dabarar rage ruwa tana kama da hankali, amma ita ce take ƙona miki cinya. Fitsarin da ya yi kauri shi ne mai zarni, shi ke cin fata, shi ke tara tsakuwa, ya kuma wahalar da ƙoda. Ki sha lita huɗu zuwa biyar a yini, wato ledar fiya wata takwas zuwa goma, har fitsarin ya yi fari kamar ruwa. Zubar za ta ƙaru, amma warin zai ragu sosai fata ta huta. Ki riƙa zama a ruwan ɗumi da ɗan gishiri safe da yamma, ki tsane jiki a hankali, ki shafa man basilin a inda ya saɓule. Ƙunzugun ya zama na auduga mai laushi, ana canjawa ana wankewa ana shanyawa a rana. Kada ki cusa komai a ciki, ko tsumma ko ganye ko alif ko wani haɗin matsi, kuma ki ajiye jiƙe-jiƙen nan. Ki ci abin da zai gina jiki ya ƙara jini, wake, ƙwai, hanta, kifi, zogale, nono, don nama mai ƙoshi ya fi kama ɗinki. Ƙafar kuma ki riƙa taka ta kina motsa ta, zaman wuri ɗaya yana sa ta ƙage.

Sai salla, wadda rashinta na san yana cin ki fiye da yadda kika rubuta. In jinin biƙi ya ɗauke, ki yi wanka ki koma sallarki. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin mai lalurar zubar fitsari tun da daɗewa: fitsarin da yake zuba ba da ikon mutum ba, yana lazimtarsa duk yini ko mafi yawansa, ba ya karya alwala, an dai so ya sabunta ta a kowace salla, kuma abin da ya taɓa tufafi wanda kauce masa ya yi wuya an yi rangwame a kansa. Ki yi tsarki, ki sa ƙunzugu mai tsabta, ki yi alwala in lokaci ya shiga, ki shimfiɗa leda a ƙarƙashin sallaya ki yi sallarki, ko da kina jin yana zuba. In ƙafar ta hana ki tsayuwa, ki yi a zaune. Zancen sallolin da suka wuce bayan ɗaukewar jini, ki tambayi malama ko malamin da kika amince da shi yadda za ki rama a hankali.

In kun sa ranar tafiya, ki ɗauki katin asibitin da aka yi miki tiyata da duk wata takarda da suka ba ki, da zannuwa kamar huɗu, da bokiti da kofi da leda, ku yi sammako. A mota ki sha ruwanki kamar kullum, ki ninka zani ki zauna a kai. In an yi gwajin ruwan shuɗin, ki rubuto min abin da suka gani da ranar da suka ba ki, da yadda kuka yi da maigidan. Ina jiran saƙonki, kuma kina cikin addu'ata. Allah ya ba ki lafiya, 'yata.